Gida Shida a Hannun Baba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ashirin da uku. Sau biyu na ƙirga su a madubin banɗaki, ban da na ƙarƙashin haɓa, waɗanda ba na gani sai dai in ji su. Ni da na gama sakandare fuskata sumul har ƙawaye na tambayata me nake shafawa, yau ga ni da shekara ashirin da huɗu ƙuraje sun yi mini taron dangi. Wata biyu ke nan da fitowarsu. Na san makon da suka fara, ba sai na rubuta ba.

Yau ma ban je makaranta ba, kwana na shida. Shekarata ta ƙarshe ke nan a kwalejin malamai, an tura ni koyarwar gwaji, ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ranar da na daina zuwa, na shiga aji na tarar an zana fuskar mace a allo, an bi ta da ɗige-ɗigen alli tun daga goshi har wuya. Wallahi wanda ya zana ya iya zane, har ɗaurin kallabina bai manta ba. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi dariyar ciwo. Na ajiye allin, na ɗauki jakata, na fito.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Malamar da ke duba mu daga kwaleji ta kira. Jan Biro muke ce mata, don ba ta taɓa mayar wa ɗalibi takarda ba tare da ta yi mata jina-jina ba. Ta ce, "Na san abin da ya same ku a gida, shi ya sa na kau da kai. Amma ranar Alhamis ashirin da bakwai zan zo in zauna a ajinki. In na zo ban same ki a gaban allo ba, kin maimaita shekara, kuma ba ni da yadda zan yi miki." Na ce to, Malama. Ban gaya mata cewa ko ƙofar gida ba na iya leƙawa ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Har yanzu mata na zuwa gaishe mu, kuma kowacce sai ta kalli fuskata ta ce "Ayya!" sannan ta buɗe jaka. Mai kitson layinmu ta ce lemon tsami safe da yamma. Matar direba ta ce a daka tafarnuwa a manna. Wata ƙawar Mama ta ce man goge baki, ita da shi ta rabu da nata tun tana budurwa. Gwaggo, yayar Baba da ta dawo gidanmu da zama, ta ce kurkum da farin ƙwai, kuma duk sauran shirme ne.

Abin da ya cuce ni, kowacce in ta dawo sai ta tambaya, "Kin shafa kuwa?" Ta yaya zan kalli matar da ta kwana uku tana wanke mana kwanuka in ce mata a'a? To, na shafa. Na kowa na shafa, don kar wata ta ce na raina ta. Jiya lemon tsami da safe, na fita tsakar gida na yi shanya a rana, da azahar tafarnuwa, da yamma na bi da man goge baki, Gwaggo kuma ta ɗora nata a sama.

Yau kumatuna na dama ya yi jawur, yana ruwa, fatar ta ɗaye kusa da hanci. Malamar kimiyya ke nan.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baba ya gani. Kwana biyu ina kauce masa, in ajiye masa shayi in gudu ɗaki, yau ya tare ni a ƙofar kicin. Ya ce, "Auta, tsaya. Juyo wajen taga." Ya riƙa kallon kumatuna ta gefe, ya runtse ido ɗaya, yadda yake kallon ƙofar mota in an kawo masa fenti. Shekara talatin yana fentin mota, bai san wani irin kallo ba sai wannan.

"Me da me kika sa?"

Na lissafa masa. Ina faɗa yana naɗe yatsu, da muka kai biyar sai ya sauke hannun ya ce, "Innalillahi. Shafi biyar a kan ɗanyen shafi? Ko ƙarfe ne ai sai ya tashi."

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Baban Auta, wannan fa harkar mata ce, kai me ka sani?"

Ya ce, "Yaya, ban san komai ba. Amma ki ba ni ita mako uku."

Ya kafa doka. Kwana huɗu ba za a sa komai ba, sai wanki sau biyu da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi. Tawul ɗina ni kaɗai, a daddanna, ban da gogewa. Rigar filo a canja kullum. Hannu kuma ya zauna a inda Allah ya ajiye shi. Duk wadda ta tambaya ko na shafa, in ce babana ya hana, ta je gareji ta same shi. Sannan ya kwashe ragowar lemon da tafarnuwar da man goge bakin da kurkum a leda, ya fita da su. Na ɗauka zubarwa zai yi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban sa komai ba. Yatsuna sai ƙaiƙayi suke yi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wani ya yanki alobera ɗin Mama.

Tukunyar tana nan inda ta bar ta, a bakin tagar ɗakinta ta waje. Ni ba na zuwa kusa, daga nesa nake kallo, amma na san yawan ganyen, tara ne. Yau ɗaya ya zama guntu. Na yi kan Gwaggo kamar zan cinye ta, na ce wa ya ba ta izini, gidan nan ba abin da ya rage da ba a taɓa ba sai wannan. Ta rantse ba ita ba ce, ta ce rashin kunyata ta fara yawa. Na yi kuka har kumatun ya dawo da zafi sabo. Baba yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa, ya gama ya fice.

Na ba Gwaggo haƙuri daga baya. Ɗakin Mama ban shiga ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ashirin da ɗaya. Kumatun ya daina ruwa, ya yi ɓawo.

Baba ya dawo da kwalbar zuma. Kafin ya taɓa ni sai da ya tsaya a bakin famfo ya fi minti goma yana wanke hannu da sabulu da tsohon burushi, yana bin ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin farcensa ba fenti ba sai yau. Ashe yatsun nasa duk a tsattsage suke.

Ya ce, "Lemon nan da tafarnuwa, ko a mafarki. Man goge baki na haƙori ne. Kurkum ba laifi, amma yana rina fata, ba za ki shiga aji kamar motar haya ba. Zuma za mu fara."

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Juya kunnenki."

A bayan kunne ya ɗiga mini, ɗan mitsitsi, ya ce sai gobe war haka a gani. Na ce saura kwana goma sha bakwai fa, shi kuma yana wasa da bayan kunne. Ya ce ya san lissafi.

Abu ɗaya na lura, duk zafin nan da ake yi riga mai dogon hannu ce a jikinsa, har da ɓalle maɓallin wuyan hannu. Da yana wanke hannun ma bai naɗe ba, ya bar bakin ya jiƙe. Gwaggo ta ce tsufa ne ya fara kama shi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Kunne lafiya lau, don haka jiya aka hau fuska. Da ɗan yatsa ɗaya yake shafawa, siriri ƙwarai, daga tsakiya zuwa gefe, ba ya komawa inda ya riga ya wuce. Minti goma sha biyar a agogonsa, sannan in wanke. Na ce ya ƙara kauri mana ko ya fi saurin aiki. Ya ce masu lafta fenti da kauri su ne motarsu ke zubar da hawaye a ƙofa.

Mutumin nan hannunsa kamar samfefa, amma wallahi ban ji nauyinsa ba. Na rufe ido don kar ya ga abin da ke cikinsu. Rabon da wani ya taɓa fuskata haka tun ranar da aka fita da Mama zuwa asibiti.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ashirin da biyu! Ɗaya sabo a goshi, ƙato. Me amfanin wannan wahalar?

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi abin kunya. Na matse na goshin, na kuma lafta hoda a kai don kar a gani. Baba yana shigowa ya ce, "Wa ya yi aiki a nan ba da sanina ba?" Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in wanke, ya zauna yana jirana a kan benci. Ya ce shi ma yana yaron gareji ya taɓa rufe tsatsa da fenti don maigidansa ya yaba, bayan wata biyu mai motar ya dawo, tsatsar ta ci har ta huda. Sannan ya taɓa manyan nan biyu na haɓata masu zafi, ya ce, "Waɗannan ba aikina ba ne, daga ciki suke. Na karɓo miki kati wurin likitan fata, ranar biyu ga watan gobe. Ni sama-sama na iya, Auta, ba zan yi miki ƙarya ba."

Ban taɓa jin mai ba da magani ya ce wani abu ya fi ƙarfinsa ba sai babana. Mai kitso kuwa har gobe cewa take da na daure da lemon da tuni an wuce wurin.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sha bakwai. Jan ya ragu sosai.

Baba ya shigo da guntun ganye a faranti, ya ajiye a gabana. Na gane shi nan take. Ya ce, "Ni na yanka ranar nan, ba yayata ba. Na kasa faɗa miki ne." Na ce ba na so, a bar mata kayanta. Ya ce, "Shekara bakwai tana ba shi ruwa. Kin taɓa ganin ta bar shi don ado? In na ƙone a gareji shi take yanka, in kin ƙone a kicin shi take yanka. Da tana nan da tun ranar farko ta yanka miki."

Ya fere ƙayoyin gefe, ya jingine ganyen ruwan rawayan ya tsiyaye, ya ce wannan ruwan shi ke sa ƙaiƙayi, haka ta koya masa. Ya kankaro farin na ciki da cokali. Bayan kunne tukuna, kamar kullum.

Sanyi gare shi. Ɗakin ban shiga ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Sha huɗu, amma tabo baƙi-baƙi ko'ina, musamman inda lemon ya ci. Saura kwana shida. Na ɗauko littafin shirin darasi na buɗe, darasin da ya faɗo a ranar shi ne yadda ake yin gwaji a kimiyya. Na karanta shafin sau uku, ba abin da nake gani sai allon nan da ɗige-ɗigensa. Na fara tunanin maimaita shekara ai ba mutuwa ba ce.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Dole sai na rubuta wannan.

Baba ya manta wayarsa a gida, mai wata mota ya yi ta kira ba ƙaƙƙautawa. Gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo, in kai masa. Na san da gangan ta yi. Na ja mayafi har hanci na fita, karo na farko cikin kusan wata guda. Ba wanda ya kalle ni a hanya, har na ji haushi kaɗan.

Na same shi a bayan gareji, ya fesa launi a kan wani guntun ƙarfe, ya fito da shi rana yana karawa da jikin motar. Haka yake yi tun ina yarinya, ba ya taɓa fesa wa mota launin da bai gwada a gefe ba. Bai ji zuwana ba. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

A cikin hannunsa na hagu, inda fata ta fi laushi, an ja layi da biro, gida shida a jere, kowanne da alama a gefensa. Gida na farko ya yi baƙi ƙirin. Na biyu tabon ƙuna ne sosai, ya taɓa yin bororo ya fashe, har yanzu bai gama warkewa ba. Na uku ya bushe ya yi fari-fari. Na huɗu da na biyar lafiya lau, suna ɗan sheƙi.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya yi sauri zai sauke rigar, na riƙe hannun. Da ya ga ba mafita sai ya fara nuna mini da yatsa kamar mai nuna wa kwastoma launi. "Lemon tsami, na shiga rana da shi yadda kika yi. Tafarnuwa, wannan ba ta da mutunci, awa ɗaya kawai ta yi. Man goge baki. Zuma. Na mamanki. Kurkum a ɗaya hannun yake, wuri ya ƙare." Ya ce zumar da ganyen har yau kullum yana sawa kafin ya sa mini, ko za su canja hali daga baya. Ya ce ya san hannunsa ba fuskata ba ne, amma abin da ya iya cin wannan fatar tasa mai kama da taya, ba zai bari ya sake kusantar tawa ba.

Na ce, "Na shidan fa? Ba komai a ciki."

Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta. "To in ban bar ɗaya haka nan ba, da me zan auna sauran?"

Aji huɗu ya yi a firamare. Ni shekara uku ina haddace wannan a kwaleji, na rubuta shi a jarrabawa na ci, sannan na dawo gida na lafta abu biyar a fuska ɗaya don kar matar direba ta ji haushi. Na tsuguna a nan cikin warin fenti na yi ta kuka. Ya rasa yadda zai yi da ni, sai cewa yake, "Haba Auta, hawaye gishiri ne fa, za ki ɓata mini aiki."

Talata, 25 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Mama ta rasu. Yau wata biyu da kwana ashirin da shida. Ga shi na rubuta.

Na shiga ɗakin, na buɗe tagar, na ba tukunyar ruwa daga ciki yadda take yi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na yage shirin darasin na sake sabo. Gwaggo ta goge mini kaya, ta ajiye hodarta a kai. Na mayar mata, na ce an hana. Ta ce, "Ke da ubanki Allah ya shirye ku." Tsoro nake ji.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sha ɗaya, da tabo, da manyan nan biyu na haɓa. Da su na tafi.

Jan Biro tana kujerar baya kafin in shigo. Yara arba'in da biyu, ido tamanin da huɗu, duk a kumatuna. Ƙafata ta so ta juya, na ji ta sarai. Sai na ɗauki alli na zana hannu a allo, babba, na ja masa gida shida.

Na ce, "Ku kalli fuskata da kyau, yau an ba ku izini. Mutum huɗu sun ba ni magani biyar, na shafa duka a rana ɗaya, na ƙone. Wanne ne ya ƙone ni?" Wata ta ce lemon, wani ya ce tafarnuwa, gardama ta kaure. Na ce to yaya za mu gane? Da kansu suka cika gida biyar, ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo na shida kowa na neman abin da zai cusa a ciki, sai wata yarinya a layi na uku, wadda tun da na san ta hannunta ke rufe da goshinta, ta ce a hankali, "Malama, a bar shi haka, don a ga bambanci." Na ce ta tashi ta maimaita da ƙarfi. Ta tashi, kuma ta sauke hannun.

Wani ya tambaya hannun wa na zana. Na ce na babana ne, mai fentin mota, kuma duk abin da zan koya musu yau a wurinsa na koya. Na ce kar in ji wani ya je ya gwada a jikinsa, shi ma da ya tambaye ni da na hana shi.

Bayan an tashi Jan Biro ta miƙo mini takardata. Ta yi mata ja kamar kullum, wai rubutuna a allo yana gangarawa, kuma na wuce lokaci da minti huɗu. A ƙasa ta rubuta na ci. Tana haɗa jakarta ta ce, "Ki gaida mahaifinki. Ki ce ina gaishe shi da aiki."

Da na dawo ban jira shi ya yanka ba. Na je bakin taga na yanko da kaina, na fere, na tsiyaye ruwan rawayan, na wanke hannu har ƙarƙashin farce. Yana shigowa na ce, "Baba, zauna. Naɗe rigar." Ya ce me ya faru a makarantar, na ce sai ya naɗe. Na shafa masa a gidan tafarnuwa, siriri, daga tsakiya zuwa gefe, sannan na gaya masa. Ya juya fuska wajen tagar Mama ya daɗe a haka.

Na gama na biyu na koma na farko, sannan na bi sauran a jere, yatsana ya zarce zai shiga na ƙarshen. Ya janye hannun da sauri.

"Kar ki taɓa na shidan, Malama. Ba a gama aiki ba."